Daga Babbaƙu Zuwa Binciken Masana: Tarihin Koya wa Yaro Karatu

Yaro ba ya bukatar malami kafin ya yi magana, gama Allah Ya halicce shi da kunne da harshe, Ya kuma ajiye shi a tsakiyar mutane masu zance, har ya zamana kafin ya cika shekara huɗu ya riga ya riƙe nahawun harshen uwarsa ba tare da an taɓa zaunar da shi an nuna masa fa'ili da maf'uli ba. Amma karatu da rubutu ba haka sha'aninsu yake ba, domin su sana'a ce wadda 'yan Adam suka ƙaga da hikimar da aka ba su, shekara wajen 5,000 da suka wuce, kuma kowace sana'a sai an koye ta hawa-hawa a hannun wanda ya riga ya iya. Saboda haka tun ranar da aka sami alƙalami aka sami mai koyar da baƙi, mutumin da ba a cika ambatonsa a littattafan tarihi ba, alhali kuwa babu alƙali ko mufti ko magatakarda wanda bai fara durƙusawa a gabansa ba.

Musulmi sun san darajar wannan aiki tun farkon al'amari, don ya zo a cikin littattafan sira cewa bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da dukiyar fansar kansa, in ya iya rubutu, sai a ba shi yara 10 na Madina ya koya musu, wannan ya zama fansarsa. Bayan haka, da Musulunci ya yaɗu cikin al'ummai waɗanda Larabci ba harshensu ba ne, aka ga suna tuntuɓe a kan baƙaƙe marasa wasali, sai malamai irin su Abul Aswadi Addu'ali, da Halilu ɗan Ahmad a bayansa, suka tsara alamomin da ke nuna wa mai karatu inda zai buɗe baki da inda zai ɗaure. A Ƙairawan kuwa, Ibnu Sahnun, wanda ya rasu a shekarar 870, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban masu koyar da yara, ya yi magana a kan ladansu da hutunsu da iyakar horon da ya halatta su yi.

Wanda ya fi kowa zurfafa nazari a kan mas'alar shi ne Ibnu Haldun, a cikin Muƙaddimarsa wadda ya rubuta a 1377. Ya duba ƙasashen Musulmi na zamaninsa ya ga kowace da tafarkinta: mutanen Magrib suna tsare yaro a kan Alƙur'ani da rasaminsa kaɗai, ba sa gauraya masa da wani fanni sai ya ƙware, mutanen Andalus kuwa suna haɗa masa da waƙoƙin Larabawa da insha'i da kyautata hannu. Ya kuma kawo shawarar Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya ga ya kamata a fara da lugga da hisabi tukuna, domin yaro ya san ma'anar abin da zai karanta. Ibnu Haldun ya yaba wannan ra'ayi, amma ya ce al'ada ba za ta yarda da shi ba, saboda iyaye suna neman albarkar Littafi, suna kuma tsoron kada ƙuruciya ta wuce yaro bai samu ba. Ke nan tun ƙarni na 14 an riga an gane cewa karatu yana da rukuni biyu, fitar da lafazi daga baƙi, da fahimtar abin da lafazin ke nufi, kuma duk jayayyar da za ta biyo baya a kan waɗannan biyun take.

Tafarkin Magrib shi ne ya gangaro ƙasar Hausa da Barno, tare da mazhabar Malikiyya da ƙira'ar Warshu da irin rubutun nan mai ɗigon fa a ƙasa da ɗigo guda a kan ƙaf. Ya kamata a tsaya a duba yadda malaman allo suka tsara shi, domin mutane da yawa a yau suna zaton babu wani tartibi a cikinsa sai hadda da bulala, wannan kuwa zato ne na wanda bai lura ba. Da fari yaro yakan karɓi Fatiha da gajerun surori da ka, malam na biyawa yana amsawa, har kunnensa da harshensa su saba da lafazin. Sa'an nan a wanke masa allo a shiga babbaƙu, watau sanin baƙaƙe tsurarsu ba wasali, kuma ba a bin jerin alif, ba, ta, sai dai a bi baƙaƙen yadda suka zo a cikin A'uzu da Bismilla da Fatiha, abin da yaron ya riga ya haddace, yana nuna kowane da tsinke yana ambaton sunansa: alu, ambaki, wau, zal. Hikimar da ta fi ba ni sha'awa a nan ita ce sunayen da suka laƙaba wa baƙaƙe da Hausa gwargwadon siffarsu, irin su ba guje, da lam jaye, da mim jaye, da ha kuri, da ta kuri, da nun guda, da shin mai ruwa, da ha ƙarami da ha babba, ta yadda baƙi ɗaya idan ya sake kama a farkon kalma ko tsakiyarta ko ƙarshenta sai a sake masa laƙabi, yaro ya riƙa ganinsa kamar wani mutumin unguwa mai suna da kamanni. Waɗanda suka ƙaga wannan ba su karanta ilmin halayyar yara a jami'a ba, amma sun zauna da yara shekara da shekaru, sun ga abin da ke kama zuciyarsu.

Idan ya gama babbaƙu sai a komo da shi farko a shiga farfaru, a ɗora wa baƙaƙen nan wasulla, wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, da ɗauri da shadda, ya riƙa cewa ba da wasali ƙasa ta ce bi, ta ɗaure sin ta ce bis. Daga nan sai tattashiya, yana haɗa gaɓa da gaɓa har kalma ta tashi, sa'an nan zube, inda karatu ke gudana, sa'an nan ya kama alƙalamin gamba da tawada ya fara rubuta allonsa da kansa, malam na duba masa yana gyara. Babu tsallake a cikin wannan tsari, babu kuma kirdado: ba a ce wa yaro ya dubi kalma ya yi tsammanin abin da take nufi, gama Littafin da yake karantawa ba ya karɓar ƙarin wasali ɗaya ko ragi. Kuma rubutu da karatu tafiyarsu ɗaya, hannu na taimakon ido.

Amma adalci ya wajabta a faɗi inda tsarin ya tsaya. Yaron Bahaushe da ya sauke yana iya fitar da kowane lafazi daidai, ba tare da ya san fassararsa ba, sai in Allah Ya nufe shi da shiga makarantar ilmi ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a zaure, inda malam ke fassara masa kalma-kalma. Malaman jihadi sun san da wannan giɓi, shi ya sa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da almajiransu suka yi ta tsara wa'azi da fiƙihu cikin Fulatanci da Hausa da rubutun ajami, domin wanda ya wuce farfaru, da zarar an ba shi takarda cikin harshensa, sai rukunan nan biyu su haɗu masa nan take, ya karanta ya kuma gane.

Da Turawa suka ci ƙasar, sun tarar da makarantun allo dubbai, suka kuma zaɓi su rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, yana koyarwa da Hausa, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930 aka sami ƙamus na Bargery a 1934, kuma ƙarƙashin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya aka tabbatar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, aka sami Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. Ko mene ne nufin masu mulki da wannan canji, kuma akwai abin faɗa a kan yadda aka ture ajami gefe, rubutun da aka samu ya zo da wata falala babba: kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi, kowane sauti kuma baƙinsa ɗaya, wasulla biyar ne, gaɓoɓin Hausa kuma gajeru ne masu tsari. Malamin elementare yakan rubuta ba, be, bi, bo, bu a kan allo, yara su haɗa, su yi shifta, su wuce zuwa Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. A zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 kuwa, magidanta da suka yi farfaru tun suna yara sukan kama boko cikin 'yan watanni, domin dabarar haɗa baƙi da wasali ba baƙuwa ba ce a wurinsu.

A daidai lokacin da ake wannan a nan, su masu baƙaƙen suna can suna saɓani mai tsanani a kan yadda za a koyar da su. Asalin abin shi ne Ingilishi yana da baƙaƙe 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, rubutunsa kuma cike yake da kalmomin da ba a furta su yadda aka rubuta. A da can, a Amurka, ana bin tsohuwar hanya ta ambaton baƙaƙe da haɗa gaɓoɓi, da littafin Noah Webster na 1783. Sai Horace Mann, wanda ya riƙe sha'anin ilmi a jihar Masacusets daga 1837, ya soki wannan hanya ya ce tana gundurar yara, gara a nuna musu kalma ɗungurungum su riƙe siffarta. Ra'ayin ya yi ta ƙarfi har ya mamaye makarantu daga 1930, da littattafan Dick da Jane, inda ake maimaita kalmomi kaɗan sau da yawa har yaro ya haddace kamanninsu. A 1955 Rudolf Flesch ya fitar da littafi mai zafi yana tuhumar wannan hanya da cewa ita ta hana yaran ƙasar iya karatu. A 1967 Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard, bayan ta tattara binciken shekara wajen 50 ta auna shi da natsuwa, ta yanke cewa yaran da aka fara musu da sautin baƙaƙe a bayyane sun fi cin nasara, musamman 'ya'yan talakawa. Amma a cikin wannan shekara ɗin dai Kenneth Goodman ya fito da da'awar cewa ƙwararren mai karatu kirdado yake yi, yana dogara da siyaƙin magana da abin da ya riga ya sani, don haka a kewaye yaro da littattafai masu daɗi, karatu zai zo masa kamar yadda magana ta zo.

Wannan da'awa tana da daɗin ji, kuma masu ita mutane ne masu ƙaunar yara, ba a musun wannan. Illarta ita ce ta ginu a kan ƙiyasi ɓatacce, ƙiyasta karatu da magana, alhali ɗaya halitta ce ɗaya sana'a. Jihar Kalifoniya ta rungumi tafarkin a 1987, kuma a jarrabawar ƙasa ta 1994 aka sami yaranta a sahun ƙarshe. Masu binciken da suka auna motsin idon mai karatu da na'ura sun ga akasin abin da aka ce: gwani yana duban kusan kowace kalma, yana tsinkar baƙaƙenta cikin ƙiftawar ido, mai rauni shi ne yake kallon hoto da siyaƙi yana cinta. A 1986 masu bincike Gough da Tunmer suka taƙaita mas'alar da lissafi mai sauƙi, cewa fahimtar karatu ita ce iya fitar da lafazi a ninka da fahimtar harshe, kuma duk mai hisabi ya san abin da aka ninka da sifiri sifiri ne, ko ta wane gefe sifirin ya zo. Ibnu Haldun da zai ga wannan lissafi, da bai yi mamakinsa ba.

A shekarar 2000 kwamitin da majalisar Amurka ta sa a kafa ya ba da rahotonsa, ya ambaci abubuwa biyar da karatu ke tsayuwa a kansu: yaro ya iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma da kunnensa, ya san baƙin kowane sauti bisa tartibi, ya yi karatu mai gudana, ya tara kalmomi, ya kuma fahimta. A gundumar Clackmannanshire ta Sikotilan an bi yara wajen 300 har shekara 7, waɗanda aka fara musu da haɗa sauti da sauti, aka tarar a ƙarshen firamare sun wuce sa'o'insu da fiye da shekara 3 wajen karanta kalmomi, da fiye da shekara ɗaya da rabi wajen rubuta su daidai, amma wajen fahimta ratar 'yan watanni ce kawai, abin da ke nuna cewa baƙi ƙofa ce wadda ba makawa sai ta nan, ba shi ne dukan ilmin ba. Ingila ta karɓi wannan hanya bayan rahoton Jim Rose na 2006, ta kuma sa gwajin kalmomi 40 ga yara masu shekara 6 daga 2012. A shekarar farko kashi 58 cikin 100 suka haye, zuwa 2019 sun kai kashi 82. Game da rubuta kalma daidai kuwa, binciken Linnea Ehri da wasunta ya nuna cewa kalma tana zama daram a zuciyar yaro ne sa'ad da ya ƙulla kowane baƙinta da sautinsa, shi ya sa imla'i ba azabtarwa ba ne, ɗan'uwan karatu ne shaƙiƙi, kamar yadda mai rubuta allonsa ya sani tun tuni.

Akwai wani bincike na 2003 wanda ya shafe mu ƙwarai, inda aka gwada yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta: masu harsunan da ake rubutawa yadda ake furtawa, irin na Finlan da Italiya da Girka, sun karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin da aka ba su daidai, masu Ingilishi kuwa ba su kai rabi ba. Rubutun Hausa yana cikin jinsin na farko. Gaskiya ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, har garin da ake zama da garin da ake tuƙawa suka zama rubutu ɗaya, amma wannan ba ya wahalar da yaron da Hausa ce harshensa, don ma'anar jimla takan warware masa. Abin da yake bukatar horo a kansa kaɗan ne: lanƙwasar da ke raba kafa da ƙafa, tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw, da ƙa'idar raba kalmomi da haɗa su. Bisa ga haka, yaron Kano ko na Damagaram ya kamata ya riga yaron Landan iya karatu, in an koya masa da harshensa.

To, me ya faru? Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga miliyoyin yara, alheri ne babba, amma ya zo da gaggawa, aka cika azuzuwa kafin a horar da malamai isassu, daga baya kuma aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, waɗanda a cikinsu ne ake koya wa mutum yadda zai tsaya gaban ƙananan yara. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna fa'idar hakan da Yarbanci, Nijar ma ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. Duk da haka abin da ya wanzu a yawancin azuzuwa shi ne malami ya rubuta jimlar Ingilishi a allo, ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya, ba su san baƙin ba, ba su san ma'anar ba. Wannan ya gaza makarantar allo, wadda ko ba komai tana ba da rukuni ɗaya cikakke. Da aka yi gwajin karatun ƙananan azuzuwa a jihohin Bauci da Sakkwato a farkon shekarun 2010, yaro ɗaya-ɗaya ana ba shi takarda ya karanta, sai aka tarar mafi yawansu ba sa iya fitar da kalma ko guda da Hausa, bayan shekara biyu ko uku suna zuwa makaranta. Ban san wani labari na ilmi a ƙasarmu da ya fi wannan ciwo ba, domin waɗannan yara ba dakikai ba ne, iyayensu kuma sun sauke nauyinsu da suka tura su.

Bayan wannan gwaji ne aka tsara littattafan Mu Karanta a jihohin biyu, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, kuma wanda ya buɗe jagoran malami na waɗannan shirye-shirye zai ga sautin baƙi, sa'an nan gaɓa, sa'an nan kalma, sa'an nan ɗan labari da tambayoyi a kansa, da rubutu kowace rana. Tsarin babbaƙu da farfaru da tattashiya ke nan, an ƙara masa abin da Ibnul Arabi ya nema, watau ma'ana tun daga ranar farko, an kuma sauƙaƙa shi da kiran baƙi da sautinsa maimakon dogon sunansa, an ajiye bulala. Aibinsu ɗaya shi ne da kuɗin baƙi aka fara su, abin da aka fara da kuɗin baƙi kuwa yakan tsaya ranar da baƙon ya tafi, in masu gida ba su ɗauka ba.

Saboda haka kirana ga hukumomin ilmi na jihohi da kwalejojin horon malamai shi ne su mai da koyar da karatun Hausa fanni mai zaman kansa wanda ba a ba mutum aji ɗaya sai ya ƙware a cikinsa, su sa wa kowane yaro littafi a hannunsa wanda zai tafi da shi gida, su keɓe sa'a guda kowace rana domin baƙi da shifta da labari, su kuma nemi shawarar alarammomi, waɗanda suka gaji wannan sana'a ɗaruruwan shekaru. Kai kuma mai karatu, in kana da yaro a aji biyu ko uku, kada ka dogara da sakamakon da aka rubuto maka a kati. Rubuta masa kalmomi biyar na Hausa waɗanda bai taɓa gani a allo ba, ka ce ya karanta, sa'an nan ka faɗa masa wasu biyar ya rubuta. In ya kasa, ka je ka ga malaminsa a cikin makon nan, kada ka jira ƙarshen zango.